Zoben da Aka Yanke a Yatsan 'Yata

Shekarun baya, muna zaune a Tudun Wada, ciwon suga ya kama 'yata ta fari. Ni na karɓi tukunyarta. Acca, wake, ganye. Ko lemon kwalba baƙo ya shigo da shi, da ido nake raka shi har ya bar gidan. Amma duk ranar asibiti sai a ce suga ya hau, a ƙara mata allura. Har idonta ya fara gani dishi-dishi, ga yara ƙanana.

Matan unguwa kuwa sai yabo. "Hajiya, surukinki ya iya kiwo, dubi yadda ta cika!" A wajenmu in mace ta yi jiki a gidan miji, hutu ne. Ni dai na san ƙiba. Ƙiba ba ta buɗe haƙora, ba ta sa mace neman takalmi a layin maza.

Rannan zoben da na ba ta ranar aurenta ya nutse a yatsa, sai da maƙeri ya yanke shi. Na ƙulle shi a bakin zane, na bi ta muka haye gada zuwa asibiti, ba wanda ya gayyace ni. Likita na cikin rubutu na ajiye masa zoben a gaba.

"Inna, don Allah," ta ce tana mintsinina, "suga ya kawo mu, ba kayan ado ba."

"Ke, yi min shiru. Likita, suga na ƙara wa mutum yatsa?"

Ya ajiye biro, ya juya hannunta, ya daɗe yana kallon haɓarta. Bayan gwajin jini da hoton kai ya zaunar da mu. Ya ce wani ɗan ƙari ne a ƙasan ƙwaƙwalwa yake ta zubo sinadarin girma. Shi ke faɗaɗa ƙashi, shi ke hana jiki jin allurar. "Ko ganye zalla take ci, Mama, sai sugan ya hau."

Ta hanci aka cire ƙarin. Suga ya sauka, ido ya washe, aka daina allura. Hannun dai bai koma ba, an ce ƙashi ba ya komawa.

Har yau in na ji ana yaba mace ta yi jiki, yatsunta nake kallo. A gida cewa suke na fi maigadi sa ido, kuma ban musa ba. Zoben kuwa na mayar wa maƙerin, ya ƙara masa azurfa. Yana hannunta yanzu, da tabon gyaran ta ciki.