Ranar da Aka Nema wa Daddawa Lamba

Ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na tsaya a ofishin kwastan na filin jirgin Alƙahira ina kare mutuncin daddawa. A farkon shekarun tamanin ne, ina ɗalibi, muna haya a unguwar Madinat Nasr, matata ta yi haihuwar fari. Babu uwa babu goggo a kusa. Ta daina cin abinci, ɗan abin da nake jagwalgwalawa ko kallonsa ba ta yi, ruwan nono ya ja baya, jaririyar kuwa sai kuka. Gaskiya na tsorata. Ana cikin haka aka sanar da ni cewa surukata ta aiko da kwalin kayan jego ta jirgin kaya.

Na ɗauka sa hannu kawai zan yi in saɓi kayana. Sai na tarar da wani jami'i mai furfura, da ƙaton littafi a gabansa. Ya ce duk abin da ke ƙetare iyaka a duniya yana da lamba, daga allura har jirgin ruwa, kuma sai an samo lambar abu ake sakinsa. Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙwaƙwa. Duk da damuwar da nake ciki na ce, "To raƙumi fa?" Ya buɗe ya nuna mini. Na tambayi gashin jimina, shi ma akwai. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, wai wasu mutane sun zauna sun jera duniya kaf.

Yaji ya wuce, garin kuka ya wuce. Da aka kwance ƙullin daddawa sai na ga ma'aikata suna sulalewa waje ɗaya bayan ɗaya.

Jami'in ya toshe hanci ya ce, "Ya ustaz, wannan a hanya ya mutu?"

Na ce kayan miya ne, na jegon matata da ta haifa mini 'ya mace. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta. Ya ce, "Ma'alish, ka yi haƙuri, ni iri nake gani. In iri ne, na malaman gona ne, su kuwa ƙonawa suke yi. In magani ne, sai ma'aikatar lafiya, ka dawo idan 'yar taka ta fara tafiya. In abinci ne, gamsar da ni."

Jin batun ƙonawa ya sa na jawo kujera. Na zauna na shiga ba shi labarin ɗorawa, yadda ake fitar da kalwa, a dafa ta har ta yi laushi, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a lulluɓe a bar ta ta ruɓa. Ashe ya fi ni ƙwaƙwa. Yaya tsawon bishiyar? Wa ya fara gano haka?

"Wato da gangan kuke ruɓar da ita?"

Na ce, "Ku fa cukun nan naku da kuke bari ya ruɓa a tulu, mish, kuskure ne?"

Ya yi dariya har da tari, amma bai ɗauki alƙalami ba. Sai na roƙi ruwan zafi wurin mai shayin ofishin, na marmasa daddawa a kofi, na barbaɗa yajin surukata. Ya gutsuri gurasarsa ya tsoma, ya tauna a hankali yana kallon sama. Ya sake tsomawa. A tsomi na uku ya ce, "Tamam, ya yi. Abin da aka dafa haka ba zai tsiro ba." Ya juya shafi zuwa wurin kayan ɗanɗanon miya, ya rubuta lamba, ya buga hatimi. "Khalas, shi ke nan. Yalla, maza kai wa uwar yarinya."

Direban tasi ya sauke gilasai duka har muka iso. Ina hawa bene, ban ko ƙwanƙwasa ba, sai na ji ƙofa ta buɗe. Matata, wadda da ƙyar take tashi zaune, tana tsaye ta dafa bango, hawaye na zuba. Ta ce, "Malam, ƙanshin ɗakin Inna nake ji." Ranar ta ci tuwo da miyar kuka har ta nemi ƙari, ba a jima ba nono ya dawo.

Tun daga ranar na koyi cewa in baƙo ya toshe wa abinka hanci, kada ka yi fushi, ka zauna ka gaya masa yadda aka yi shi. Jaririyar nan yanzu ita ma uwa ce, kuma har yau in ta ce daddawa na wari sai in ce mata ta yi a hankali, albarkacinta ta sha nono.