Murjanin Yayana Ya Yi Fari, Ni Kuwa Ina Ta Murna

Shekarun baya, tun ina gidanmu a Birnin Kudu ban yi aure ba, yayana ya dawo daga Legas da wani abu da ya sa unguwarmu ta yi sati guda ba ta da wata hira sai tasa. A can yana aiki ne a wani shago da ke haɗa wa otal-otal akwatunan gilashi na kiwon kifi. Da ya dawo sai ya haɗa nasa ƙarami a ɗakinsa, ya jona shi da sola, ya dama wani gishiri na musamman a tataccen ruwa, ya saki kifaye biyu masu ruwan lemo a ciki.

Amma ba kifayen yake ji da su ba, murjani ne. Mu da muka san murjani a wuyan amare, sai ga Yaya yana rantsuwa cewa nasa mai rai ne, dabba ce, tana ci tana girma. Guda bakwai ne, wasu masu rassa kamar ƙahon barewa, wasu a shimfiɗe kamar faifai, launinsu ruwan ƙasa da ɗan kore. Shekara biyu ya yi yana rainonsu tun suna kamar ɗan yatsa, burinsa su girma ya riƙa yanka yana dasawa har ya buɗe nasa shagon a Kano.

Da bazara ta kama, aka kira shi aikin sati shida a Legas, ya ce ni zan kula masa da akwatin. Ba zan iya kwatanta muku daɗin da na ji ba. Ya rubuta min takarda shafi biyu. Na karanta layi uku na sama, na ce ai na gane, na cusa ta cikin durowa.

Washegarin tafiyarsa na fara gyare-gyarena. A ganina Yaya ɓoye kyan abin yake yi, ɗaki duhu, labule mai kauri, fitilar akwatin kuma shuɗiya mara ƙarfi. Na yaye labulen, ranar yamma ta riƙa dukan gilashin kai tsaye. Na murɗa fitilar har ƙarshe. Akwai wata 'yar fanka da ya maƙala tana hura saman ruwan, na ce me kifi zai yi da fanka, na cire ta na kai wa mahaifiyata kicin. Sannan na shiga tsafta. Duk bayan kwana biyu sai na canza ruwa, na rage ba kifayen abinci don kada su ɓata min shi.

A sati na biyu sai koren nan ya fara ƙyalli kamar an shafa masa fenti. A na uku kuwa ruwan ƙasar da nake ɗauka datti ne ya fara tafiya, rassan suka yi fari fat kamar audugar da aka gama kaɗa. Na riƙa kiran ƙawayena ɗaya bayan ɗaya su zo su gani. Ina tsaye gefen akwatin ina bayani kamar wata malamar jami'a, ina cewa shekara biyu Yaya ya kasa fito da ainihin kalarsu, ni sati uku kawai na yi. Na ɗauki hotuna sun fi talatin, amma na ƙi tura masa, wai sai ya dawo in ba shi mamaki.

Ana cikin haka goggonmu, ƙanwar babanmu, ta zo daga Zandam ta ƙasar Gwaram za ta ga likitan ido. Ko ruwa ba ta gama sha ba na ja ta ɗakin Yaya. Ta taɓa ganin akwatin a zuwanta na baya. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ɗora bayan hannunta a jikin gilashin, sannan ta juyo.

"'Yar nan, abin nan ba shi da lafiya."

Na yi dariya na ce ai tsafta ce, Goggo. Ta ce ita ba ta san sha'anin teku ba, amma shekara arba'in tana noma, kuma duk ganyen da ta ga ya bar kalarsa ya koma fari, ba ta taɓa ganin ya kai girbi ba. Ta ce in taɓa gilashin in ji, kamar ruwan wankan jego.

Na taɓa. Da zafi kuwa.

Nan take na kira Yaya ta bidiyo na juya masa wayar. Ya ƙare wa akwatin kallo. Da ya yi magana, bai yi min faɗa ba, tambayoyi kawai ya jero: ina fanka, wa ya buɗe labule, fitila tana kan nawa. Sannan ya yi min bayani a hankali. Ashe akwai wasu ƙananan tsirrai dangin gansakuka da ke zaune cikin naman murjani, su ke ba shi launi, su ke haɗa masa abinci daga haske. Idan zafi ya yi yawa, ko haske ya wuce ƙima, ko ruwa ya yi tsaftar da babu ko ɗan abin ci a cikinsa, sai murjanin ya kore su. Farin da nake tallatawa ƙashinsa ne nake hange ta cikin naman da ya koɗe. Ni kuwa duka ukun na haɗa masa.

Na tambaye shi ko sun mutu. Ya sa na matso da wayar daf da gilashi.

"Auta, kin ga waɗancan 'yan gashin da ke motsi a jikin reshen? To da sauran rai. Ɗauko takardar nan ki karanta min tun daga farko."

Daga ranar gidanmu ya koma asibiti. Fanka ta koma wurinta, labule ya sauka, fitila ta dawo ƙasa. Yaya ya ja kunnena kada in sanyaya ruwan lokaci guda, sanyin gaggawa ma kisa yake. Sai muka riƙa daskarar da gorunan ruwa a firij ɗin maƙwabta, ina saka ɗaya a rufe tana yawo a saman ruwan, idona a kan ma'aunin zafi. Mahaifiyata ta jiƙa tsohon bargo ta rataya a bayan taga. Goggo da ta zo kwana biyu sai da ta yi goma, kullum bayan la'asar ta jawo kujera ta zauna gaban akwatin tana duba su ɗaya-ɗaya. Ɗaya mai faifai bai tashi ba, namansa ya saɓule, na cire shi ina hawaye.

A rana ta tara da fara jinyar, ina shara a tsakar gida, Goggo ta leƙo ta ce in zo in ga wani abu. A gindin babban reshen, wani ɗan wuri da bai fi farce ba ya yi duhu-duhu kamar an ɗiga shayi. Na yar da tsintsiya, na rungume Goggo har ɗankwalinta ya faɗi, na fita tsakar gida da gudu ba takalmi ina kiran Inna. Yaya yana tsakiyar aiki a gidan mutane na dame shi da kira har sau biyar. Da ya ga hoton, ina jin sa yana ta hamdala yana dariya. Kafin ya dawo huɗu sun fara mayar da launi, sauran biyun sai da damina ta yi nisa.

Har yau idan na tuna yadda na tara mutane ina nuna musu ciwo a matsayin ado, kunya da dariya suke kama ni tare. Abin ya rage min saurin cewa na gane, musamman a kan abin da ba ya iya buɗe baki ya ce min yana shan wahala. Yaya ya buɗe shagonsa a Kano daga baya, kuma mafi yawan murjanin da ke ciki jikokin waɗancan shidan ne. Ranar buɗewa ya aika mota musamman har Zandam, ya ce ba za a yi addu'a ba sai Goggo ta iso.