Na Kulle Mahaifina a Ɗakin da Ke Cutar da Shi

A farkon shekarun dubu biyu ni matashin kafinta ne a Rikoto, cikin garin Zuru, mai ɗan shago da injin feshi na hannu, ga kuma girman kai. Ina ganin babu wanda ya kai ni iya fesa banish, fentin ƙyallin katako, a unguwar, kuma ba na son a gyara mini magana. Mahaifina tsohon soja ne, ya haura saba'in, yana cin fansho a gida bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mutum ne mai tsafta da natsuwa, kullum a goge yake kamar zai fita fareti. Ina rubuto muku ne don abin da na yi masa ya daɗe yana cin raina.

Cikin watan Agusta wani ɗan kasuwa daga Wasagu ya ba ni aikin gado da kujerun falo. Ruwa kuwa ya ƙi ɗaukewa, rufin shagona yana yoyo, kuma ɗigo ɗaya kan ɗanyen banish ya ɓata aiki ke nan. Ɗakin Baba ne mafi faɗi a gidanmu, kwanonsa sabo. Na roƙe shi in riƙa shanya kayan a can, ya ce ba komai, ya kwana a wuraren da suka fi haka muni. Sai na riƙa feshi a baranda ina turawa ciki, har galan ɗin tina, ruwan nan da muke tsinka fenti da shi, na cusa ƙarƙashin gadonsa, murfinsa ma a fashe. Shi kuwa saboda ciwon sanyi a gwiwoyinsa ba ya buɗe taga da damina. Matata, da ke da ƙaramin ciki a lokacin, ta ce warin yana juya mata kai ko daga tsakar gida. Na ce laulayi ne kawai, ta daina neman magana.

Kwana uku Baba ya fara kukan ciwon kai, na saya masa ƙwayoyi a kemis. A rana ta biyar ya kira ni da sunan ƙanensa da ya daɗe da mutuwa. Can da azahar ya dawo daidai, ya ci tuwo, har ya yi mini faɗa kan takalmina. Washegari kuma sai ya fito tsakar gida yana tangaɗi, yana ba da oda cikin Turancin bariki, yana cewa kowa ya fita, a kwashe mutane, a buɗe ko'ina. To, a Zuru kusan kowane gida akwai soja, kuma muna da wata magana da muke yi idan tsohon soja ya rikice: mu ce yaƙin ne ya dawo masa. Maƙwabta suka faɗa, dangi suka faɗa, ni ma na karɓa ban yi musu ba. Fasto ya zo ya yi addu'a, kuma tsakani da Allah ya ce mu haɗa da asibiti. Na ce masa to, amma a raina ina cewa me likita ya sani game da yaƙi.

Abin da ya dame ni kunya ce. Ba na so mutane su ga mahaifina da ɗan kamfai a bakin titi. Don haka da ya sake yunƙurin fita na kama shi, na mayar da shi ɗakin, na sa kwaɗo. Ina jin yana dukan ƙofa yana kiran sunana, na kunna injina na ci gaba da feshi a baranda. Wayyo ni. Kwana biyu yana ciki, ana miƙa masa abinci. Ranar da dukan ƙofar ya tsaya har na ji daɗi, na ce sauƙi ya samu. Matata ce ta ƙwace mabuɗin daga aljihuna da hantsi, ta buɗe, muka same shi yashe a ƙasa ya yi amai, ba ya gane kowa.

A sashen gaggawa na asibiti an duba zazzaɓi, an duba suga da fitsari, ba a ga komai ba. Wata nas, dattijuwa, ta sunkuya tana gyara masa ƙarin ruwa, sai ta shinshina rigarsa ta ɗago ta tambaya ko Baba mai fenti ne. Na ce a'a, ni ne. Ta tambayi inda yake kwana. Na faɗa mata, har da galan ɗin da ke ƙarƙashin gadonsa, sai ta kira likita. Likitan bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya bayyana mini cewa tururin tina yana bi ta huhu ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma jikin tsoho ba ya jure abin da namu ke jurewa. Ya ce ruɗewar tsufa a hankali take zuwa cikin watanni da shekaru, amma wadda ta faɗo cikin kwanaki, tana zuwa tana tafiya, alama ce ta wani abu na cutar da jiki, kuma gaggawa ce.

Bayan mako guda Baba ya gane ni. Ya ƙara shekara shida a duniya, amma hannunsa bai daina rawa ba, maɓallin rigarsa ma ni nake sa masa. Sau ɗaya tak ya yi zancen. Ya ce bai tuna yaƙi ko kaɗan ba a kwanakin nan, abin da ya sani kawai iskar ɗakin ba ta da kyau, yana so ya fitar da mu, musamman mai cikin.

Don haka nake roƙon masu feshi, masu gam ɗin takalmi da masu gyaran babur, kada ku ajiye kayan aikinku inda mutum yake kwana. Ku kuma masu tsofaffi a gida, idan tsohonku ya rikice farat ɗaya, kada ku ce tsufa ne ko yaƙi ko iskoki, ku kai shi asibiti ranar, ku faɗi duk abin da ya sha ko ya shaƙa. Kuma ku saurari abin da yake faɗa. Nawa gaskiya yake faɗa mini, ni na sa masa kwaɗo.