Allurar da Ta Zaunar da Ni

Shekara fuɗu ban zauna kamar mutum ba. Tun ranar da mashin ya zubar da ni a hanyar Kebbe, na faɗi zaune bisa dutse, ɗan ƙashin nan na ƙarshen baya, inda mutum ke zama, ya zama abokin gaba. In na zauna minti biyar sai in ji kamar an kafa mini ƙusa mai zafi. Tsaye nika koyarwa, tsaye nika cin tuwo. Sallah ma in na kai tahiyya, sai in karkace gefe guda ina cije leɓe.

Wurin da ciwon yake, ba wurin da mace ke nuna wa mutane ba ne. To wa zai yarda?

Da uwar mijina ta rasu a Tambuwal, anka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida don zaman makoki. Mu surukai wurinmu gaba ne, kusa da ɗiyanta. Na zauna, wallahi na zauna, har zufa ta jiƙa mini hijabi, sannan na miƙe na jingina da bango. Haka na yi kwana ukku. Yayar mijina, wadda duk gidan ke tsoron bakinta, tana zaune kusa da ni. Ta dai riƙa duban ƙafafuna tana jan carbi.

Bayan shekara guda mijina ya gaji da nishina, ya kai ni wani asibiti a Sakkwato. Likitan ya ce akwai allurar da aka yi wa jijiyar da ke kai saƙon ciwon, ta sa ta barci. Ya gaya mana ƙarara cewa ba warkewa ba ce, in ta saki sai a sake. Mijina na zaune yana jin shi. Anka kwantar da ni rub da ciki, suna duban hoton ƙashin a na'ura, allurar ta shiga. Na ji kunya fiye da zafi. Amma da anka ce in zauna bisa benci, na zauna ina jiran ƙusar nan, ba ta zo ba. Kuka na fashe da shi gaban ma'aikaciyar jinya, ni da girmana.

Sati biyu da allurar, Innata ta rasu a Fakku. Na zauna mata. Tun safe har la'asar ina bisa tabarma, ina amsar gaisuwa, ina gode wa Allah da ya ba ni wannan ko da shi kaɗai ne.

Rana ta biyu Yaya, yayar mijin nawa, ta zo da matan gidansu. Ta yi gaisuwa yadda aka yi, ta yi addu'a, munka shafa. Sannan ta dube ni daga sama har inda nike zaune, ta ce a hankali, yadda kowa zai ji:

"Ashe kina iya zama."

Na ce, "Yaya, allura anka yi mini."

"Awo," in ji ta. "Allurar ta san uwar da ta isa a zauna mata. Tamu ce ba ta isa ba."

Wata gwaggona ta sunkuyar da kai, kamar ita ma abin ya shiga kunnenta. Na ji ƙiyayyar matar nan har cikin haƙorana, kuma har yau ban nemi gafarar wannan ba.

Kafin in koma Tambuwal magana ta riga ni isa. Wata ukku da 'yan kwanaki, ciwon ya dawo yadda likita ya faɗa. Na samu mijina yana shirin fita ofis, na ce mishi lokacin allura ya yi.

Bai ko ɗaga kai daga takalminshi ba. Ya ce, "Kwana ukku kinka zauna a Fakku. Kowa ya gani."

Na tuna mishi yana wurin sa'ad da likita ya yi bayani. Ya ce ya ji likita, amma kuma ya ga abin da ya gani, kuma shi ba zai sake kai ni a tuɓe ni gaban maza don abin kunyar da na yi wa uwarshi ba. Ba ni da izinin tafiya ni kaɗai.

Akwai wani matashin kai mai rami a tsakiya da na ɗinka da hannuna, shi nika ɗan zama bisa. Na neme shi ranar ban gani ba. Daga baya na hange shi ƙarƙashin rumbu, kaza na kwance ciki bisa ƙwai. Yaya ce ta ce tunda na warke, kada ya lalace banza.

Har yau tsaye nika cin abinci. In Yaya ta shigo gidan ta tarar da ni haka, sai ta ce, "Malama, zauna mana. Ai babu wanda ya mutu."