Shekarar da Maigidana Ya Ware Kwanonsa

A unguwar Boukoki ta Yamai muke zaune lokacin, ɗaki biyu a gidan haya, ni da maigidana da yaranmu. Aikin gini yake yi a wani shantiye, wato filin gini, can unguwar Bobiel. Da yake ƙaƙƙarfa ne, shi aka bar wa injin fasa kankare, wanda suke kira marto-pikar. Tun safe yana rungume da shi har la'asar, injin na jijjiga shi har haƙora. In ya dawo sai ya zauna a tabarma ya yi ta yarfe hannu.

Da farkon sanyin wata shekara ya sake hali. Ya ce in riƙa zuba masa tuwo a kwanonsa daban. Ya sayo butar alwala tasa shi kaɗai. In ƙaramar ɗiyarmu ta rugo za ta kama hannunsa, sai ya cusa shi aljihu. Na bincika kaina ban ga laifin da na yi ba. Na ƙara man shanu a miya, na rage yaji, duk a banza.

Wata Juma'a yana haɗa shayi a tsakar gida, na ga ya sauke butar shayin daga kan gawayi da yatsu tsirara. Ko gezau bai yi ba. Sai da na yi salati ya duba, ya ga fata ta tashi.

"Malam, ba ka ji zafi ba?"

Ya ce, "Waɗannan yatsu biyun, manuni da na tsakiya, ba na jin komai da su. Da asuba in na taɓa ruwan sanyi, kansu yakan koɗe kamar toka. Haka ƙanen kakana ya fara. Kin dai ga yadda ya ƙare."

Na gani kuwa. Ina amarya aka kai ni gaishe da tsohon a ƙauye, yana zaune bayan rumbu, kuturta ta cinye masa yatsu. Ashe wannan ne maigidana yake ɗauke da shi a ransa, yana nesa da yara don kada ya shafa musu. Na ce masa ko ma mene ne, gara mu ji daga bakin masu sani. Ya ƙi, ya ce in aka faɗa masa ya tabbata ke nan. Na yi ta lallashi har ya yarda.

Lokotoron da muka samu a likita, wato asibiti, dattijuwa ce, Hausarta irin ta ƴan Yamai, Zabarmanci na leƙowa ciki. Ta sa ya tuɓe riga, ta duba bayansa da damatsansa ko akwai tabo. Ta shafa masa auduga a wurare, idonsa rufe. Sannan ta tambayi aikinsa. Da ya faɗa, ta ajiye audugar.

"Ba kuturta ba ce, ɗana. Injin nan ne. Girgizarsa ce take gajiyar da jijiyoyin yatsu, jini ya daina isa yadda ya kamata."

Maigidana ya ce ta sake faɗa. Ta sake. Sai ya fashe da dariya, hawaye na zuba, yana ta hamdala. Ni ma ban san sanda na kama kuka ba.

Ba ta bar mu mun tafi da murna kaɗai ba. Ta ce abin da ya lalace ba lalle ya dawo duka ba, amma ana iya tsayar da shi. Kada ya ƙara yini a kan injin, a riƙa karɓa-karɓa, yana hutawa. Ya daina damƙe shi da ƙarfi, ya bar nauyin injin ya yi aikin. Bakin ƙarfen in ya dakushe a sake shi, don dakusasshe ya fi girgiza. Ya riƙa ɗumama hannunsa, ya kuma bar taba.

Na yi fargabar shef ɗinsu, wato shugaban aikin, zai sallame shi. Bai yi ba. Ya ɗan yi mita, sannan ya raba aikin injin tsakanin mutane da yawa, ya mai da maigidana wajen jera bulo mafi yawan yini. Taba ce ta ba mu wuya. Sai da aka yi watanni muna rigima a kanta. Ni kuwa duk asuba ina ɗora masa ruwan alwala a wuta.

A hankali tsikarin da ke tashinsa daga barci ya lafa. Ɗan manunin ya farfaɗo. Na tsakiyan har yau in sanyi ya shigo yakan yi nauyi, kuma maɓallin wuyan rigarsa ni nake sa masa ranar Juma'a. Yakan tsaya ya ɗaga haɓa, yana gunaguni wai telolin yanzu ba su iya buɗe ramin maɓalli ba.