Ɗaya Cikin Huɗu

A gidanmu ba mai kiran yayata Farfesa. Uwar Kifi muke ce mata, kuma Mama ce ta laƙaba mata, ranar da ta ji cewa duk karatun nan da aka yi ta yi, a kan wasu kifaye ne da ba su kai ɗan yatsa ba. "To, ana ci?" in ji Mama. Yaya ta ce ba a ci. "Ana sayarwa?" Ta ce ba a sayarwa. Mama ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa wanda aka fid da rai da shi addu'a.

Ni ce auta, malamar firamare, kuma ni kaɗai a dangi na taɓa shiga ɗakin kifin nata. A ƙarƙashin ginin sashensu yake a jami'a, ba taga ko ɗaya. Da ka buɗe ƙofa ɗumi da ƙarnin ruwa za su tarbe ka, ga injin iska yana gurnani ba hutu. Kantoci ne jere har rufi, kowacce cike da ƙananan akwatunan gilashi, kifaye masu ratsi suna kai da kawo a ciki. Na tambaye ta me ya sa duk kifin duniya sai waɗannan. Ta zaunar da ni gaban madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, ta tura wani ɗan faranti ƙarƙashinsa. Ƙwan kifin garau yake kamar ɗigon ruwa, ana ganin komai na ciki.

"Ɗan mutum a ɓoye ake gina shi, Auta," ta ce. "Wannan kuwa a gabanki ake gina shi."

Ta nuna min yadda zuciya take farawa kamar ɗan bututu miƙaƙƙe, sannan ta lanƙwashe ta naɗe kanta, ta zama zuciya. Tsigar jikina ta tashi, don na san abin da ya sa take nuna min zuciya ba ido ko wutsiya ba.

Yaya ta taɓa haihuwa sau ɗaya, namiji. Bai yi mako a duniya ba. Likitoci suka ce zuciyarsa ce ba ta haɗu daidai ba, kuma ba su san dalili ba. Ina wurin lokacin da leɓensa suka yi shuɗi, yana ta kokawa da numfashi, ita kuma tana riƙe da ƙafarsa don nan ne kaɗai ba a saka masa roba ba. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Auren ma bai daɗe ba bayan nan, suka rabu ba faɗa ba tashin hankali.

Da ta koma aiki, wata safiya ta tarar da wani abu a farantin ƙwan wasu kifaye biyu. Yawancin 'ya'yan lafiya lau, amma ɗaya cikin kowane huɗu zuciyarsa ta ƙi naɗuwa. Tana nan a miƙe, tana bugawa a banza, ƙirjin ya kumbura da ruwa. Iyayen kuwa garau, ba abin da ya dame su. Daga ranar ta ajiye duk wani bincike da take yi, ta rungumi zuri'ar kifin nan. Ba ta taɓa haɗa zancensu da na yaron ba, ko sau ɗaya. Ni ce nake haɗawa, kuma ban ga wanda zai hana ni ba.

Shekara da shekaru tana bin abin. Ta gano cewa ƙwayar gadon da ke gina zuciyar lafiyarta ƙalau. Laifin yana wani wuri can nesa da ita, a makunnin da ke faɗa mata lokacin da za ta tashi aiki. Wannan ya fitar da sunanta, aka yi ta gayyatarta taro. Amma ainihin wurin da makunnin yake, ta kasa sa yatsa a kai. Kullum cewa take saura kaɗan.

Tunda ba a san wurin ba, ba gwajin da zai nuna wane kifi ne yake ɗauke da ciwon a ɓoye. Hanya ɗaya ce: a haɗa mace da namiji, a kwashi ƙwan, a jira kwana uku, a duba. In an ga masu ciwo, to iyayen nan su ne ake nema, 'ya'yansu masu lafiya za a rena. Kifin kuwa ba ya daɗewa yana ƙwai, don haka kusan duk shekara sai an sake wannan zaɓe. In aka yi kuskure aka rena waɗanda ba sa ɗauke da komai, tsofaffin suka mutu, shi ke nan zuri'ar ta tafi, ba inda za a samo ta. Ba wanda ke da ita a duniya sai Yaya, a wata kanta guda can ƙarshen ɗaki.

Kuma fa ba ta bayarwa. Abokan aikinta na wasu ƙasashe sun roƙa har sun gaji. Ɗalibanta suna taɓa komai a ɗakin ban da kantar nan. Na ce mata, "Yaya, wannan rowa har da kifi?" Ta ce su ba su san yadda ake yi da masu ciwon ba. Ɗaliban sukan bar su a faranti har su mutu da kansu. Ita kuwa a kwana na uku, da ta gane su, sai ta tsince su ɗaya bayan ɗaya da ɗan bututun zuƙo, ta sa su a kwanon ruwan ƙanƙara, su yi barci nan take. "Ba zan zuba ido suna wahala ba," ta ce. Ni kuwa na san wanda ta zuba wa ido yana wahala.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Mu muka fara lura: ta zuba shayi gefen kofi, ta gaida ni da sunan maƙwabciyarta. Na yi magana, ta yi kunnen uwar shegu. Na yi faɗa, ta ce ni da ban san komai ba sai jan biro. Wai a madubi tana gani sarai, wai ko ido rufe za ta gane zuciyar nan. Shekara huɗu ko biyar muka yi a haka. A tsakanin nan aikin ya rikice mata. Duk gwajin da ɗaliban suka yi a kan masu ciwon da ta tsince, sai ya fito daidai da na masu lafiya. Ta zargi injin gwajin, ta zargi sinadarai, ta kori wata ɗaliba da kuka. Ritaya kuma tana matsowa. Ita da ba ta da yawan magana ta koma mai yi wa gilashi surutu.

Da kyar na kai ta aka yi mata aiki a idon, bayan ta taka wa wani mai babur ƙafa a bakin titi. Da aka cire bandeji ta kalle ni ta ce, "Kai, Auta, ashe kin tsufa haka?" Muka yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Tana samun izinin komawa aiki ta haɗa kifayenta. Ranar da ƙwan ya kwana uku, da safe ina shirin fita makaranta, ta kira ni. "Ki zo," kawai ta ce. Muryar ce ta sa na ajiye jakar littattafai na nemi abin hawa.

Na same ta ita kaɗai, farantai jere a kan tebur, kwanon ƙanƙara a gefe, ba komai a cikinsa.

"Zauna ki duba min. Ki faɗi abin da kika gani, kar ki faɗi abin da nake son ji."

Na sa ido. 'Yan kifaye sirara, kowanne da ɗigon zuciyarsa yana dakawa, jini yana zagayawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta canja faranti, na duba. Ta sake canjawa. Ni dai raina ya yi fari, bakina kuma ya riga tunanina.

"Alhamdu lillahi, Yaya, duk lafiyarsu ƙalau! Ko ɗaya babu mai ciwo."

Sai na ga fuskarta.

"Duk kifin da ke kantar nan na haɗa," ta ce a hankali. "Ba wanda na bari."

Ta ja kujera ta zauna. Injin iska yana ta gurnaninsa. Can ta fara magana, ba da ni ba. Wai bara ta gan su, ɗaya cikin huɗu, cif. Waccan shekarar ma ta gan su. Zuciya a miƙe, ƙirji a kumbure, har yadda take bugawa a banza. Ta gan su da idon da bai iya bambance kofi da tebur. Ta zaɓi iyaye a kan abin da ta gani, ta rena 'ya'yansu, tsofaffin suka ƙare. Ko yaushe zuri'ar ta ɓace, ita ma ba ta sani ba. Abin da ta shekara ashirin tana kallo ne ya zauna mata a ido, ya ci gaba da fitowa a faranti bayan babu shi.

Ta juya ta dubi kwanon ƙanƙarar.

"Auta, to waɗanda nake sakawa a nan fa?"

Ita ma ta san amsar, ɗalibanta sun yi ta faɗa mata ba tare da sun sani ba. Na kama hannunta.

"Ta nan kaɗai nake ganinsa," ta ce. "Ko hotonsa ba ni da shi."

Ranar ce ta yi kukan da ba ta yi a asibiti ba. Na rungume ta muka yi tare, ina jin haushinta ina jin tausayinta, ban san wanne ya fi ba. Da ta natsu ta miƙa min kwanon ta ce in zubar. Na zubar a magudanar ruwa da ke tsakiyar ɗakin.

Da kanta ta rubuta wa abokan aikinta abin da ya faru, ba ta ɓoye komai ba. Ta nemo ɗalibar nan da ta kora, ta ba ta haƙuri a gaban sauran. Da lokacin ritaya ya yi aka yi mata jawabai masu daɗi, ba wanda ya ambaci makunnin. Har yau ba a san inda yake ba.

'Ya'yan kifin ranar nan kuwa ta ƙi yarda a zubar da ko ɗaya. Ta rene su duka, ta kai gida. Suna falonta yanzu a wani babban gilashi, su da jikokinsu, sun yi ɓul-ɓul, ba aikin da suke yi wa kowa. Jikokina in sun je gaishe ta sai su manne hanci a gilashin, ita kuma tana yi musu tsawa kar su ƙwanƙwasa.

Na san halinta da safe, don haka in na je ba na yin sallama da ƙarfi. Nakan tarar da ita tsaye gaban gilashin, yatsa a sama, leɓenta na motsi. Ɗaya, biyu, uku. A na huɗu sai yatsan ya tsaya, ta matso da fuska, da idon nan nata da yake gani tar. Kifin ya kaɗa wutsiya ya wuce abinsa, lafiyarsa ƙalau. Ta daɗe tana bin sa da kallo, sannan ta koma kan ɗaya.