Ranar da Thelma Ta Yaye Zanen Gado

A layin bayan coci, can cikin tsohuwar Kolkata ta ƙasar Indiya, ko wanda bai san sunan Anti Thelma Rozario ba ya san muryarta. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta kullum da ƙanshin albasa da sabulu. Da Turanci ta buɗe baki, kamar kowa a danginsu. Da shi uwarta ta yi mata faɗa, da shi take addu'a. Amma akwai wani salon magana a harshen nan da ta tsana kamar mutuwarta.

Mutanenta ba sa son cewa a'a ƙiri-ƙiri. Sai mutum ya gyara wuyan riga ya ce bai ga dalili ba, bai ga laifi ba, bai ga yadda za a yi ba, alhali idonsa garau. Tana budurwa ta ce wa ubanta, direban jirgin ƙasa, tana son karatun jinya. Ya ce, "Ban ga amfaninsa ba," ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Mijinta Clarence kuwa bai taɓa ganin laifin kwalbar giya ɗaya ba, har ranar da hanta ta kai shi ƙasa. Bayan rasuwarsa ne ta kama aikin girki a wani gidan tsofaffi da wani kwamiti ke riƙe da shi.

Ta daɗe a gidan ba ta wuce madafa ba. Abin da ya kai ta saman bene shi ne kwanon Kawu Cuthbert, wani tsohon ɗan dambe da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Da can har lashe kwano yake. Sai abincinsa ya dinga dawowa ko cokali ba a sa ba. Ran nan ta ɗauki romo ta hau da kanta.

Tun daga matakala ɗoyi ya tare ta. Ta tura ƙofa. Ƙudaje sun yi baƙi a kan zanen gado, katifa ta jiƙe sharkaf da fitsari. Ta juya tsohon, sai zanen ya biyo fatarsa. Gyambo ne a ƙugunsa, faɗinsa ya kai tafin hannu, yana zubar da mugunya, tsutsotsi na ta mutsu-mutsu a ciki. Ta fita da gudu ta yi amai a baranda, ta kurkure baki, ta dawo da ruwan ɗumi da gishiri.

"Thelma 'yata," in ji tsohon, muryarsa da ƙyar take fita, "kar ki ɓata hannun girkinki a kaina."

"Yi shiru, Kawu. Na yi fiɗar kifin da ya fi ka wari."

Ya yi dariya har hawaye ya zubo masa.

Ta sauko ta sami shugabar gidan, Misis Lazaro, tana shafa jan farce a ofis. Matar ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ke kuku ce. Ban ga abin da ya kai ki sama ba. Kuma ban ga dalilin tayar da likita a kan ɗan ƙurji ba."

Da shugaban kwamiti, Mista Godfrey, ya zo zagaye, Thelma ta tare shi ta ja shi har bakin ɗakin. Ya tsaya a waje, hankici a hanci, ya leƙa kamar mai leƙen rijiya.

"Ni dai ban ga wani abin tashin hankali ba," in ji shi.

"Yallaɓai, idonka bai gani ba, amma hancinka ai ya gani."

Ya murtuke fuska ya sauka.

Sai ta buga waya ga ɗan Kawu Cuthbert da ke Ostireliya. Ya yi ta "Anti, Anti," murya kamar zuma, ya ce an daɗe ba a ga juna ba. Ta ce masa, "Tsutsa ke cin ubanka da ransa." Ya ce gaskiya bai ga yadda zai taso yanzu ba, ga aiki, ga yara. Ta kife wayar, ta goge hannunta a jikin riga kamar ta taɓa kashi.

Haka ta ci gaba da wanke tsohon tsakanin girki da girki, amma gyambon sai ƙara zurfi yake, ga zazzaɓi ya shigo. Ana cikin haka Kirsimeti ya zo. Gidan ya shirya liyafar rana don masu ba da taimako. Aka yi wa tsofaffin da ke iya zama wanka, aka sa musu hulunan takarda, aka jera su don hoto. Na kwance kuwa aka ja musu ƙofa, aka feshe matakala da turare. Thelma ta gama shinkafar kwakwa da miyar dunƙulen nama, ta jera kek, sannan ta hau sama.

"Kawu, zan tona maka asiri a gaban mutane. Ka yarda?"

"Wane asiri ya rage mini? Ɗauke ni mu je. Na daɗe ban shiga fili ba."

Ta goya shi kamar jariri. Mutumin da ya taɓa kayar da ƙarti, yau bai kai buhun gari nauyi ba. Ta sauko da shi daidai lokacin da Mista Godfrey ke jawabi a kan tausayi. Ta kwantar da shi rubda ciki a kan benci, a gefen teburin abinci, ta yaye zanen.

Mista Godfrey ya katse jawabinsa. Wata mata mai sarƙar zinariya ta saki faranti, ta toshe baki, amma aman ya riga ta. Mai hoto ya sauke na'urarsa. Misis Lazaro ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo ni! Ban taɓa ganin wannan ba!"

Thelma ta ce, "Gaskiyarki. Ai sai an duba ake gani."

Cikin baƙin akwai wata likita. Ita ce ta durƙusa da kwalliyarta ta duba ciwon, ta kira motar asibiti nan take, kuma ta sa aka buɗe sauran ɗakunan. Abin da aka tarar a ciki ya sa babu wanda ya ƙara taɓa kek ɗin nan.

Bayan sabuwar shekara aka canza Misis Lazaro zuwa wani gidan, shiru-shiru. Thelma kuwa Mista Godfrey ya kira ta ya ce kwamiti ba ya ganin za ta iya ci gaba da aiki da su. Ta ce, "Buɗe baki ka ce kun kore ni mana, ko a nan ma makanta ce?" Ta kwance ɗamararta, ta ɗauki wuƙarta da ludayinta, don nata ne, ta fice.

Kawu Cuthbert ya kai har bikin Ista a asibiti, a kan gado mai tsabta, Thelma na kai masa romo. A wurin jana'izarsa ɗansa ya turo furanni, Mista Godfrey kuma ya miƙe ya ce ba za a sake ganin irinsa ba. Thelma ta fita waje ta tofar da yawu a magudana, ta tsaya can har aka idar.

Yanzu kek da yaji take yi a ɗakinta tana sayarwa. Da yamma takan bi gidajen tsofaffin layin da 'ya'yansu suka tafi ƙasashen waje, ta juya na kwance, ta canza musu shimfiɗa, tana yi tana zage-zage. Har yau tana dafa wa mai so shinkafa, amma tun daga lokacin nan ba ta iya kai farar shinkafa bakinta, don tsutsotsin nan take tuna mata. Maƙwabta na tsokanarta, wai wace irin 'yar Kolkata ce wannan da ba ta cin shinkafa. Sai ta tsoma burodinta a shayi ta ce kowa ya ji da kwanonsa.